Idon Hagu Na Ba Su

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya lau, kai da ƙanwar tawa da yaran duka. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya tsare ka daga wulaƙancin baƙunta, Ya raba ka da aikin mutanen nan lafiya. Mu ma nan sai godiya. Uwar yara tana nan, ban da ciwon gwiwar nan da ya ƙi barinta ba ta da wata damuwa sai ni. Goggo kunne ya yi nauyi ƙwarai, amma bakin nan bai gaji ba. Tun da aka gaya mata a ɗakin binciken magunguna kake aiki, kullum sai ta tambaye ni wai har yanzu kana can kana wanke wa mutane kwalabe, duk karatun nan da ka yi. Na gaji da yi mata bayani, yanzu sai in ce mata an yi maka ƙarin girma, kai ne shugaban masu wankin. Mai sunan Inna ta fara koyarwa a makarantar bayan layinmu, Abba kuma yana nan da tuƙinsa, ya yi ƙiba kamar ba ɗan gidanmu ba.

Kada ka ga ambulan ya yi kauri ka zaci wani abin arziki na cusa a ciki. Rubutun ne ya zama manya-manya kamar na allon talla, don da alƙalamin da muke sa wa ƙarfe alama nake yin sa, layi kaɗan shafi ya cika. Mai sunan Inna ta ce in faɗa ta rubuta, na ce mata ba a kai can ba tukuna. Na san kuma uwar yara ta kira ka a ɓoye, kun yi ta shawara a kaina kamar wani ƙaramin yaro, har ka ce za ka turo kuɗi ko ka nema mini takardar tafiya. Na gode, Allah Ya yi maka albarka. Amma kafin in ba ka amsa, bari in tuna maka ko wane ne yayan naka, tunda ka bar gida kana yaro.

Lokacin da Baba ya daina gane mu sai da murya, ina tsakiyar sakandare. Na ajiye littattafai na tafi wurin wani mai walda a bakin titi, mutumin da bai taɓa buɗe baki ya koya mini komai ba sai zagi. Da kallo na ɗauki sana'ar. Injina na farko da hannuna na naɗa wayarsa, na zaunar da shi cikin akwatin katako, in ya yi zafi in yi masa fifita da kwali. Daga gindin bishiya na koma rumfa, daga rumfa na kama shago, daga shago na sayi filin da ma'aikatar take a yau, na kafa ginshiƙanta na yi mata rufi da kaina. Na gina gidan da muke ciki. Na aurar da 'yan'uwanmu mata ba tare da an je an durƙusa wa kowa ba. Jinyar Baba da ta Inna har zuwa ranar da aka kai su makwanci, ba wanda ya ji an nemi taimako. Mutanen da na koya wa aiki suka buɗe nasu wuraren, in na ce zan lissafa su takardar nan ba za ta ƙare ba. Ban taɓa cin bashin banki ba, ban bi ɗan siyasa ba, ban auri 'yar mai kuɗi ba. Kuɗin jarrabawarka ma daga tartsatsin nan suka fito. Ba gori nake yi maka ba, kai ma ka yi naka ƙoƙarin. Ina faɗa ne don ka san wanda yake rubuto maka ba mutumin da ya saba kuka ba ne.

Abin ya faro mini kamar yadda ya faro wa Baba, da yamma. Da rana ta yi sanyi sai in ga gefen titi ya cushe, in yi ta tuntuɓe da abin da na san yana wurin. Kowa ya ce hasken walda ne, in sa ruwan sanyi, in huta. Ni na san ba shi ba ne, don ban taɓa kunna wuta ba gilashi a fuskata, yaran shagona ma har mari suke sha a kan haka. Da na je babban asibiti aka tura ni ɓangaren ido, wani dogon lungu mai benci a jikin bango, kowa ya riƙe katinsa yana kallon ƙasa. Likitar da ta duba ni mace ce, 'yar gajera, ba ta da kwana-kwana a magana, shi ya sa na yarda da ita. Ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta ɗauki hoton cikin idon, sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Da na ba ta labarin Baba sai ta ajiye biro. Ta ce ciwon a can bayan ido yake, inda hoto ke sauka, gado ne, ba ruwansa da walda, kuma babu maganinsa a kasuwa ko ina. Amma ta ce akwai wani kamfani da ke gwajin wata allura, ita ce take kula da gwajin a asibitin, in ina so zan iya shiga.

Ina so ka fahimci wannan da kyau, Auta: ba a yaudare ni ba. Kada ka je kana gaya wa abokan aikinka an sami jahili an yi masa wayo. Ta karanta mini takardar duka, ta maimaita wuraren da suka yi nauyi, ta ce abu ne da ba a gama sani ba, yana iya amfani, yana iya cutarwa. Na kai gida na sake karantawa da kaina, sannan na sa hannu. Sharaɗin shi ne ido ɗaya za a yi wa allurar, ɗayan a bar shi don a riƙa gwadawa a ga bambanci. A lokacin idona na dama shi ne mai ƙarfi, da shi nake duba layin ƙarfe in gane ya miƙe ko ya karkace, na hagun kuwa ya riga ya yi rauni. Tunda duka biyun sun cika sharaɗi, likita ta ba ni shawara a yi wa na daman. Ta ce a fahimtarta allurar ta fi iya tsare abin da ya rage a kan dawo da abin da ya tafi, kuma na daman ne yake da abin tsarewa da yawa.

Na ƙi. Ka san yadda muke aiki. Duk ranar da aka kawo sabon inji, ko sabuwar sandar walda da ba ka san halinta ba, ba ka ɗora ta a kan ƙofar mutane. Guntun ƙarfen da aka yar za ka ɗauko ka gwada, in ta ƙone shi ba a yi asara ba, in ta yi kyau sai ka matsa kan aikin gaske. Da wannan ƙa'idar na rayu, ban taɓa ɓata wa mai aiki ƙarfensa ba. Haka na gaya mata, na ce ga guntun ƙarfe nan a hagu, a gwada a kansa, in ya yi kyau a zo kan na daman. Ta yi dariya, ta ce ido ba ƙarfe ba ne, ba ya zama yana jiran ka gama gwaji. Ta sake lallashina, uwar yara ma ta sa baki. Na tsaya a kan bakana. Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne ta ce in gwajin ya yi kyau akwai mataki na biyu, a nan ne ake yi wa ɗaya idon. Na ce to ai magana ta ƙare.

Duk wata nake zuwa. Za a ɗiga maka ruwa idon ya mutu, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe, a ce ka kalli gefe, kada ka motsa. Ba zafin ne abin ba, ganin allurar tana tahowa ne. Na ga manyan maza suna karkarwa a kan gadon da ake yin allurar, ni ban taɓa sa an riƙe mini kai ba. A bencin jira muka saba da juna, mu 'yan gwajin. Akwai wani tsohon direban babbar mota, ba ya rufe baki, shi ya laƙaba mini Ɗan Haya, wai idona na hagu ya zama na kamfani, haya kawai suke ba ni nake kallo da shi, ranar da mai gida ya buƙaci ɗakinsa zan ga takardar tashi. Ni kuma in ce masa ai gara ni, shi tun yana da ido biyu ma ba a tsira daga tuƙinsa ba. Akwai wata tela, mai yara ƙanana, mijinta ya rasu, ita ba ta cika magana ba sai murmushi, tana zuwa da zare da allura a jaka, bayan kowane zuwa ta gwada ko za ta iya zura shi. Kuɗin motar da suke ba mu ita nake miƙa wa, don ni ban zo asibiti neman kuɗin mota ba. Bencin ma da ƙafarsa ta karye, ni na aiko aka ɗauka, na yi masa sabbin ƙafafu aka mayar.

Kuma maganin ya yi aiki, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Bayan 'yan watanni idon da na kira guntun ƙarfe ya fara washewa. Na koma ina ganin ƙananan layukan tef ɗin awo. Wata safiya uwar yara tana miƙo mini ruwa na ce mata ashe furfura ta cika mata kai haka ban sani ba, ta ce da ta san abin da maganin zai fara nuna mini ke nan da ta hana ni zuwa, ta yi fushin ƙarya, sai kuma ta juya baya tana share hawaye. Telar nan ta zura zarenta a gabanmu a kan benci, direba ya miƙe yana tafi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a asibiti muke. Likita kanta tafiyarta ta canza. Amma a daidai wannan lokacin na daman yana ta tafiya, a hankali, kamar ana jawo labule daga gefe. Duk zuwa sai na tambaye ta mataki na biyu, ta ce ana jiran amsa daga sama. Na ce ba komai, na iya jira, ai na ga abin da allurar take yi. Kafin gwajin ya cika shekara biyu, na daman ya koma ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Sai ranar da ta tara mu duka a ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wani kamfani da ya fi namu girma ya saye shi, da ma'aikatansa da magungunansa da komai. Sabbin masu shi sun zauna sun duba abin da zai kawo riba da wanda ba zai kawo ba, sun ga masu irin ciwonmu ba su da yawa a duniya, kuma yawancinsu ba masu iya biya ba ne. Saboda haka sun rufe aikin. Ba mataki na biyu, na farkon ma ya tsaya daga ranar. Na tambaye ta ko allurar ta cutar da wani ne, ta ce a'a. Na ce ko an ga ba ta aiki ne a wasu wuraren, ta ce ko ina ta yi aiki. Na ce to wani kamfanin ya ɗauka ya yi mana, ta ce ba wanda ya isa, haƙƙin haɗa ta yana hannunsu na shekaru masu yawa, ba za su yi ba, kuma ba za su bari a yi ba, don wata rana tana iya yi musu amfani a wani ciwon da masu kuɗi ke yi. Direba ya ce ashe takardar tashin ta iso, amma ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Akwai sauran kwalaben allurar a firjin ɗakin, na sha ganinsu in an buɗe. Na ce mata ko su ne a ƙarasa mana. Ta ce ta roƙa, ta rubuta, ta kira, an ce doka ba ta yarda a yi amfani da su ba tunda gwaji ya tsaya. Ina asibitin ranar da aka zo ɗaukarsu. Wani mutum ne mai ladabi, da rigar kamfani da akwatin sanyi, ya jera su ciki ya rufe. Na tare shi a lungun nan, na gaishe shi, na ce ni ɗan kasuwa ne, ya faɗi kuɗin kwalba ɗaya, ko ma'aikatata ce zan sayar in biya. Ya ce in yi haƙuri, ba su da farashi, ba na sayarwa ba ne, shi aike aka yi masa ya kai su inda za a ƙone su. Ya kira ni baba, ya ce Allah Ya ba ni lafiya. Ban taɓa roƙon mutum a tsaye a gaban jama'a ba sai ranar, kuma ko da na roƙa, da kuɗina na roƙa. Bayan sati suka dawo suka kwance na'urar ɗaukar hoton ma, ashe ita ma tasu ce.

To ka ga amsar maganar kuɗinka. Da abin na sayarwa ne, da ban jira ka ba. Kuma ko na zo wurinka, likita ta ce can ma babu, a kulle yake a ko ina. Na yi ta juya abin a raina, don ni ba maƙiyin riba ba ne, da ita na ci na sha na rufa wa gidanmu asiri. Ni ma na sha daina yin abu don ba ya fita. Akwai wani murhun ƙarfe da na ƙirƙiro da kaina, na ga wahalarsa ta fi kuɗinsa, na bari. Amma da wani tsohon yarona ya zo ya ce zai ci gaba da yi, na ɗauko ma'aunin na ba shi, ban ce tunda ni ba zan yi ba kowa ma ya zauna da yunwa ba. Kuma ban taɓa karɓar aikin mutum in kafa masa ƙofa ɓari ɗaya, in ce ɗaya ɓarin ba riba, ya kwana a buɗe ba. A sana'armu wanda ya yi haka ba ya sake ɗaga kai a layin. Su kuwa an ce mini ranar da suka sanar da rufe ayyukan da ba sa kawo kuɗi, darajar kamfaninsu tashi ta yi. Kai da kake cikinsu, ka yi mini bayanin wannan ilimin, don nawa karatun bai kai nan ba. Ina zaton ku masu binciken kuna wahala ne don a warke. Yanzu na ga ku ma 'yan ƙwadago ne kamar yarana, mai kuɗi ne ke cewa a kunna inji ko a kashe.

Kasuwar ma ba ta bar mu mun ji da abu ɗaya ba. Ƙarfe kullum da sabon farashi, in ka yi wa mutum ciniki da safe, kafin ka je saye da yamma ka yi asara. Wuta ba ta zama, man janareta ya fi ƙarfin aikin. Ga ƙofofin nan na waje da aka cika kasuwa da su, masu ƙyalli kamar na gidan sarauta, cikinsu kuwa ba komai, da gwiwar hannu za ka lotsa su. Mutane sun san haka, amma su suke saye, don aljihu ya yi rauni, ban kuma ga laifinsu ba. Ma'aikatana sun ragu, waɗanda suka tafi ban riƙe su ba, don ba na iya kallon magidanci ya wuni a wurina ya koma gida hannu wofi. Ɗakin da ake yi mana allura yanzu an yi masa fenti an sa madubai, tabarau masu tsada ake sayarwa a ciki. Likita ta koma wani asibitin kuɗi, ta ce mini da bakinta ba don tana so ba, albashin masu taimaka mata da kuɗin binciken duk daga kamfanin suke fitowa. Direba yanzu matarsa ke riƙe masa hannu. Telar nan na aika a duba ta, aka ce ta sayar da keken ɗinkin ta koma gidan yayanta da yaran.

Na hagun ya fara komawa, Auta. Ban gaya wa uwar yara yadda ya kai ba, amma ba wawiya ba ce, na lura ta daina matsar da kujeru daga inda suke. Kwanakin baya aka kawo mana aikin babbar ƙofar gida. Na auna da kaina, na sa alama, na yanke. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a wurina, yanzu shi ma da furfurarsa, ya ɗauki ƙarfen ya jera a ƙasa yana dubawa. Ya ce wai ƙarfen ne yake da lanƙwasa, bari ya sake yanko wani. Na sa hannu na shafa, na ji ɓari ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da kusan faɗin yatsa biyu. Ba lanƙwasa ko ɗaya. Mutumin da na koya wa riƙe tef shi ne yake yi mini ƙarya don ya rufa mini asiri, kuma daga yadda ƙaryar ta zo masa da sauƙi na gane ba ranar ya fara ba. Na zauna a kan kujerar bakin ƙofa har aka tashi. Washegari na kira shi na ba shi makullin injin yanka, na ce daga yau awo da yanka nasa ne, ni zan riƙa karɓar baƙi ina yin ciniki, tunda baki bai makance ba. Ya ce Oga ai hutu ne kawai, idon zai dawo. Na ce masa ya bar yi mini maganar asibiti, ya je ya kama aiki.

Ban ɗora wa kowa laifin zaɓin da na yi ba. Likita ta faɗa, ni na ƙi. Da na ba su na daman, da yau ina da ido mai ƙarfi da zai ɗan daɗe yana kai ni. Amma na yi lissafina ne a kan cewa in abu ya yi kyau ana ci gaba da shi. Ban san akwai inda abu ke yin kyau a ƙone shi ba. Kai dai ka je a duba idonka, ka kai yaran, tunda jini ɗaya ne. Nawa na sa an duba su, zuwa yanzu ba a ga komai ba, Allah Ya sa iyakarsa ke nan a kaina.

Ka gaishe mini da ƙanwar tawa da kyau, ka ce na gode da addu'o'inta. Ka shafa mini kan takwarana, ka gaishe da 'yan biyu, ka ce Baffansu yana nan yana jiran hotonsu, amma a yi shi babba. Uwar yara tana gaishe ku, Goggo ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci, mai sunan Inna da Abba suna gaida Baffansu, Dogo ma ya ce in sa gaisuwarsa.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar. Da na je yi wa likita sallama ta nuna mini wata mujalla ta masana, irin waɗanda kuke karantawa. An buga sakamakon gwajin a ciki. Akwai hoto biyu na cikin ido, kafin allura da bayanta, ta ce nawa ne, don nawa ya fi na kowa nuna bambanci, har a manyan taruka an haska shi a bango. Na kawo shafin dab da fuskata. A sama ga sunayen likitoci a jere, a ƙasa ga godiya ga kamfani. A ƙarƙashin idona kuwa lamba ce. Ta ce ƙa'ida ce, don a rufa wa majiyyaci asiri ake yi. Na gane, kuma ƙa'ida ce mai kyau ga wanda yake so. Ni ba na so. Ban yi sata ba balle a ɓoye ni. Su sun zuba kuɗi a maganin nan, da suka ga ba riba suka kwashe abinsu. Ni ido na zuba, nawa kuma ba ya kwasuwa. Duk wanda ya zuba jari a abu ana rubuta sunansa.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo ba ne, yayanka ne yake sa ka aiki. Kai ka san ƙofofin, ka san yarensu. Ka rubuta wa masu mujallar, ka rubuta wa sabbin masu kamfanin, ka ce mai idon nan yana raye, ya yafe rufin asirin, ga sa hannunsa zan aiko maka tun ina iya ganin layin. In sun ce ƙa'ida ba ta yarda ba, ka sake rubutawa. In sun ƙi, kai ka rubuta da kanka a duk inda masana ke karantawa, ka sa hoton, ka sa sunana cikakke, da sana'ata, ba lamba ba, ba wani majiyyaci ba. Ranar da suka fito da maganin nan suka fara sayar wa masu kuɗi, a san a kan idon wa aka gane yana aiki. Kuma ka hanzarta, Auta. Ina so in karanta shi da kaina.

Wassalam. Naka har kullum,

Yayanka, Mai Walda